Ƙaho Biyu a Bayan Yaya

Kaluluwar ta dawo wa Yaya a shekara ta uku bayan mun ɗauka an rabu da ita. Ya taso daga fadama da la'asar, ya tarar da ni ina shan shayi a ƙofar gida, ya ja ni zaure kamar mai shirin nuna min kayan sata, ya sauke wuyan rigarsa. Ga ta nan a gindin wuya ta hagu, ta kai ƙwan zabo. Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce bai fi sati biyu ba. A bakin Yaya sati biyu wata uku ne, don haka ban ƙara tambaya ba, na shiga na sa matarsa ta ciro tsohon karnensa, wato littafinsa na asibiti, daga ƙasan akwati.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara bakwai. Manomin rake ne, garkarsa na fadamar da ke hanyar Yauri, kuma tun da aka kafa ƙasar Kance ba a haifi mai kunyar manya irinsa ba. In dattijo ya taka masa ƙafa, shi zai durƙusa ya ba da haƙuri don ya ajiye ƙafar a kan hanya. Ni kuwa mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, a nan Matameye, ina jin faransanci, saboda haka duk wata takarda ta gidanmu a wuyana take. Ni na raka shi Yamai a karon farko, na zauna gefensa zagaye shida ana ɗura masa ruwan magani iri huɗu, har da wani ja kamar zoɓo mai rina fitsari. Likitoci na kiran ciwon lamfom, wato dajin da ke kama kaluluwa, maganin kuma shimiyo. Wancan karon kumburin ya narke, gashi ya zube ya sake tsirowa, aka yanka rago, kowa ya koma harkarsa.

Muka sake hawa bis ɗin Yamai, tafiyar da mutum ke shiga da baƙin gemu ya sauka da furfura. Likitar da ta duba shi a da ita muka tarar, wata siririyar mace mai tabarau wadda gaisuwarta ba ta wuce kalma biyu. Aka yanki ɗan nama daga kumburin, aka yi hoto, muka yi zaman jira a gidan wani ɗan garinmu mai sayar da rake a bakin kasuwa. Da sakamako ya fito ta zaunar da mu ta yi bayani. Ciwon ne dai ya dawo, kuma ya haddace magungunan farko kamar ɗalibin da ya maimaita aji. Jan nan ma ba za a sake ba shi ba, don zuciya na da iyakar abin da take ɗauka, tasa ta riga ta karɓi rabonta. Za a haɗa masa wasu uku daban a ba shi tare, kowanne na kama ciwon ta inda ɗan uwansa ba ya kai hannu. Kwana uku a gado ana ɗurawa, ya tafi gida, ya dawo rana ta ashirin da ɗaya. Haka har sau shida, in jiki ya ɗauka.

Sai ta bar faransanci, ta juya ga Yaya da Hausarta mai kauri.

"Malam, wannan haɗin shi ne abin da ya rage mana a nan. Wanda ke gaba da shi ba a ƙasar nan ake yin sa ba. In ka ɓata ranar dawowa, ciwon ba zai tsaya jiranka ba."

Yaya ya ce in sha Allah. Ta ce ita ma ta ce in sha Allah, amma ya saurari sauran. Maganin ba ya tantance abokin gaba da ɗan gida, yana kashe ciwon yana taɓa jini. Wajen kwana goma bayan kowane zagaye jinin zai yi ƙasa iyakar ƙasa: fararen ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta su ƙare, da wasu ƙanana da ta kira filaket, waɗanda in mutum ya yanke su ke toshe wurin. Don haka ba shiga taro, ba musabaha da kowa, ba allurar kan titi, ba asuwaki mai tauri, ba aska, ba reza. In zazzaɓi ya taso a kai shi asibiti a ranar. Kwana biyu kafin ranar dawowa a gwada jininsa a Damagaram. In bai farfaɗo ba, ba za ta ɗura masa komai ba, ko da ya zo da ƙafarsa.

Da muka dawo gida bayan zagayen farko na rubuta dokokin nan da manyan baƙaƙe, Hausa da faransanci, na manna a bangon zaure. Akuya ce kaɗai ta tsaya a kansu, ita ma cinye rabi ta yi.

Aka fara zuwa dubiya. Ban san Allah ya halicci mutane da yawa haka ba sai lokacin. Na unguwa su zo da safe, su dawo da azahar su ga ko an samu canji. Ranar kasuwa kuwa duk wanda ya kawo akuya ko buhun gyaɗa daga Icirnawa ya sayar, ya ga da saura kafin motarsu ta cika, sai ya tuna kakarsa ta taɓa shan ruwa a gidanmu. Su cika ɗakin, su yi tari, su fyace hanci, su miƙa hannu. Wani ya zo da murar da za ta kayar da raƙumi, ya riƙe hannun Yaya da hannuwa biyu yana addu'a, yana atishawa tsakanin amin da amin. Kuma ba wanda ke zuwa ba tare da ilimi ba. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce ya taka sawun iska a fadama, wani ya ce daji ba ya son allura, da an taɓa shi da ƙarfe sai ya fusata. Mutumin da bai iya cire ƙaya daga ƙafarsa ba zai zauna ya tsara maka yadda ake maganin daji. Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu labari. Su gyara zama su ce ai kawunsu ma irin wannan ya yi, a nan daidai wurin, kwana huɗu ya yi aka kai shi. Su faɗi yadda aka sha wuyar wanka saboda kumburin. Sannan su tashi su ce Allah ya ƙara sauƙi, su ɗauki guntun rake a kan hanyar fita.

Na ajiye benci a bakin zaure da buta da sabulu, na zama ɗan sanda. Duk wanda ya zo in ce barci yake. Na yi ƙaryar barcin Yaya har na fara tsoron abin da mala'ikan hagu ke rubutawa. Amma da ya jiyo muryar wani mai furfura sai ka ji shi daga ciki yana cewa a bar su su shigo, ai ba kyau. Mataimakiyata ɗaya ce, matarsa. Ni da ita wasan ƙanin miji muke tun ranar da aka kawo ta, ba ta taɓa kirana da wani abu ba sai mijin banza, amma a wannan yaƙin ta fi ni zafi. Ita ke tafasa ruwan shansa, ita ta ware masa kwanonsa, ita ke zubar da jiƙe-jiƙen da ake kawowa a bayan ɗaki, har wata bishiyar zogale da ke wurin ta bushe.

Mutum ɗaya ne bencina bai tare ba, Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda ya rage a cikin sa'o'insu. Gidansa na jingine da namu, akwai ƙofa ta ciki, ba ya bi ta zaure. Baffa bai taɓa ciwo ba a iya faɗarsa, kuma sirrin shi ne ƙaho. Duk shekara kafin damina sai an kafa masa, bayansa ya zama kamar allon da aka shekara saba'in ana rubutu ba a wanke ba. A wurinsa duk wata cuta ta duniya, daga ciwon kai har talauci, mataccen jini ne ya taru.

Mai yi masa aikin shi ne wanzamin gidanmu, wanda ubansa ya yi wa iyayenmu, shi ya yi mana. Shi ya yi min kaciya, har gobe yana kallona da murmushin wanda ya san sirrina. Kowane mako yakan zo da zabirarsa ya aske wa Yaya kai. Da gashin ya zube da kansa bayan zagayen farko, ya zo ya tsaya yana duban ƙoƙon kan nan kamar an yi masa kutse a gona. Na ce masa, Sarkin Aska, a yi haƙuri, likita ta hana ƙarfe taɓa jikinsa sai an gama. Ya tambaye ni likitar namiji ce ko mace. Na faɗa masa. Ya rataya zabirarsa ya fita ba sallama, kuma kafin magariba rabin gari ya ji cewa mushen lakwal ya kori gadon kakanni saboda maganar wata yarinya mai tabarau.

Zagaye na biyu ya wahalar da Yaya. Amai, gyambon baki, tuwo ya koma masa kamar yashi. Amma kumburin ya sauka daga ƙwan zabo zuwa ƙwayar gyaɗa, har likitar ta yi wani abu da bakinta wanda nake zaton murmushi ne. Muka dawo gida da ranar zagaye na uku rubuce a karne.

Rana ta tara wasu ɗige-ɗige ja suka fito masa a ƙwauri, kamar an barbaɗa garin barkono. Washegari ga tabo baƙi-baƙi a damtse da gadon baya, sai ka rantse an yi masa dukan ɓarawo. Na ɗauki hoto da waya na tura wa likitar. Ta ce filaket ɗin ne suka yi ƙasa, jini na tsattsafowa ƙarƙashin fata. Ya kwanta, kada ko ƙyaure ya buge shi, in hanci ko dasashi ya fara jini a kai shi asibiti, in ba haka ba za su farfaɗo cikin kwanaki.

Baffa ma ya ga tabon. Ya aika aka kira wanzami, suka ɗaga wa Yaya riga suna juya shi suna latsawa kamar dillalan shanu. Suka yanke hukunci a tsaye. Maganin asibiti ya yi aikinsa, ya kashe ciwon, amma bai san yadda ake fitar da gawa ba. Ga gawar nan ta taso ƙarƙashin fata, baƙi ƙirin, tana neman ƙofa. In ba a zuƙe ta ba za ta koma ciki ta sauka a zuciya. Abin takaicin shi ne maganar na da daɗin ji. Ta fi ta likita tsari, kuma ga shaida kowa na gani da idonsa, ba sai an kai jini Damagaram an leƙa ta madubi ba.

Na bi Baffa gidansa, na cire takalmi, na tsuguna, na yi bayanin da ban taɓa yi wa ɗalibai mai kyawunsa ba. Na ce jinin nan ba matacce ba ne, mai rai ne da ya rasa mai tsare shi. Na ce a yanzu ko ƙaya ta soke shi sai an yi da gaske, balle aska. Na ce in aka ɓata masa jini ba za a ba shi magani a ranarsa ba, kuma likita ta ce ba wani a bayan wannan. Baffa na tauna goro yana duban rufin ɗaki. Da na gama ya tambaye ni shekaruna nawa. Na faɗa. Ya ce shi ƙahon da aka kafa masa kafin a haife ni ya fi haka yawa.

"To, Mushe, mun ji," in ji shi.

Duk ɗan Matameye ya san abin da "mun ji" ke nufi a bakin dattijo. Ni ma na sani. Amma na dawo na kama Yaya na sa shi ya yi min alkawari, ya ce ba komai, ba za a yi ba, ni kuma da wautata na yarda da alkawarin mutumin da bai taɓa ce wa mai furfura a'a ba.

Rana ta goma sha ɗaya ta faɗo ranar kasuwa, kuma ranar ce mai duba makarantu ya zo lakwal ɗinmu, ba halin in zauna a benci. Ina tsaye gaban allo wajen ƙarfe goma sha ɗaya waya ta yi ta ruri a aljihuna. Matar Yaya ce. Ba ta ce mijin banza ba. Ta ce, "Mushe, ka zo yanzu, sun rufe ƙofa." Na bar alli a hannun baƙon, na tari kabu-kabu.

A ɗakin Baffa na same su. An aiki matar Yaya ta kai saƙo gidan mata, kafin ta dawo an ratso da shi ta ƙofar ciki. Yaya na kife a tabarma ba riga, ƙaho biyu a kafe a gadon bayansa kan tabon nan, 'yan kasuwa wajen goma sun zagaye suna kallo kamar ana dambe. Aikin ƙaho ba wuya gare shi ba: a kafa a zuƙa fata ta taso, a cire a tsattsaga da aska, a mayar a sake zuƙa, in an jima a cire a zubar da guda-gudan jini a yashi, a shafe wurin, shi ke nan. Na iso daidai lokacin da wanzami ya ɓalle na farko. Ba guda ko ɗaya. Jini ne tsararo kamar ruwan zoɓo, ya bi haƙarƙari ya sauka tabarma. Wanzami ya shafe da tsumma, jinin ya sake fitowa. Ya ɓalle na biyu, shi ma haka.

Baffa ya ce a duba yawan abin da ke cikin bawan Allah, da an bar shi fa. Jama'a suka yi ta gyaɗa kai. Wanzami ya buɗe zabira ya ciro wani baƙin gari ya barbaɗa, jinin ya wanke shi. Ya tofa abin da ya gada, ya ce a gidansu jini ba ya ƙetare maganarsu. Jinin dai bai san gidansu ba. Ya sake barbaɗawa, ya ce tun da yake bai taɓa ganin jini mai taurin kai irin wannan ba, lalle an sa masa hannu.

Ban san lokacin da na ture shi ba. Na cire rigata na dunƙule na danne wurin da duk nauyina, kuma nauyina ba kaɗan ba ne. Matar Yaya ta shigo ta kama ɗaya gefen da mayafinta. Yaya kuwa, fuskarsa a tabarma, leɓensa ya yi fari, abin da ya samu ya faɗa shi ne, "Sarkin Aska, a yi haƙuri da yaron nan, bai san abin da yake ba." Yaron nan ni ne, mai shekara arba'in da takwas, ina kwance a bayansa tsirara daga cibiya zuwa sama.

Muka sa shi a motar wani maƙwabci zuwa asibitin gari. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya ɗaure wurin da kyau, ya duba idonsa, ya ce sai Damagaram, kuma za a buƙaci sabon jini, a taho da masu bayarwa. A lokacin duk 'yan kallon sun biyo mu, sun haɗu da wasu, inuwar bishiyar asibiti ta cika maƙil da masu salati. Na fito na ce jama'a, ana neman mutum huɗu ko biyar su bi mu su ba da jini.

Ban taɓa ganin inuwa ta yi fili da sauri haka ba. Wanda ya yi wata guda yana cin rakenmu ya tuna yana azumin nafila, da ɓawon raken a gemunsa. Wani ƙato mai ɗaukar buhu biyu a kai ya ce shi ma jininsa bai ishe shi ba. Na ƙauye suka ji motarsu ta cika. Mai murar nan ya ce ba ya so ya sa wa mara lafiya mura. Baffa ya ce shi dai bai ga hikimar a wahala a fitar da abu sannan a je a sake ɗura shi ba. A ƙarshe ni ne, da ƙanin matar Yaya, da malamai biyu na lakwal ɗinmu da suka biyo ni da rigar aro.

A Damagaram aka tsayar da jinin, aka ƙara masa namu. Na ɗauka mun tsira. Kwana uku sai zazzaɓi ya rufe shi, ɗaya daga cikin tsagar ta yi ruwa, ga baƙin garin nan da aka cusa mata, ga jiki ba masu tsaro. Aka ware shi ɗaki shi kaɗai ana ɗura masa maganin ƙwayoyin cuta. Rana ta ashirin da ɗaya ta zo ta same mu a nan, ta wuce. Kullum in tura wa likitar takardar gwajin jini, kullum amsarta ɗaya: bai kai ba, a jira. Kowace safiya ina yi kamar ina gyara masa wuyan riga don in taɓa wurin. Ƙwayar gyaɗa ta zama gurjiya. Gurjiya ta zama dabino. Shi ma ya san abin da nake lalube, sai ya kawar da kai ya tambaye ni ko an yi ban ruwa a garka.

Da kwana goma sha biyu a kan ranarmu muka isa Yamai. Likitar ta taɓa wuyan, ta daɗe tana latsawa. Ta sa ya juya, ta ga zobe biyu a bayansa da 'yan tsage-tsage a ciki. Na buɗe baki zan yi bayani da faransanci, ta ɗaga min hannu ta ce ba ni ta tambaya ba. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce manya ne suka ga ya dace.

"Manyan za su zo su kwanta a gadon nan a madadinka?" in ji ta.

Ta ce jinin ya farfaɗo, za ta ba shi na uku, amma kwanakin da aka bai wa ciwon kyauta ba za su dawo ba, kuma ba ta yi mana alkawarin komai. Saura huɗu, kusan wata uku. In zai zauna a Yamai kusa da ita har a gama, to. In zai koma inda za a sake yanka shi, gara ya faɗa mata yanzu, kada ta wahalar da shi a banza. Ta ce ya je ya yi tunani, kuma kada ƙaninsa ya yi masa tunanin.

Lokacin saran rake ya kusa, Yaya bai taɓa barin wani ya sare masa ba. Muna zaune a farfajiyar asibiti yana ta lissafin wanda zai bar wa garka, sai ga kiran Baffa a wayata. Labarin kumburin ya riga mu isa gida. Bai amsa gaisuwata ba. Ya ce Sarkin Aska ya yi bayani: ƙaho huɗu aikin ke buƙata, biyu aka yi na zo na ɓata, ragowar mataccen jinin ne ya koma wuya ya taru. In sa ɗansa, wato Yaya, a mota gobe a zo a ƙarasa. Ina cikin haɗa amsar da za ta sa a yi shekara ana maganata a gari, Yaya ya miƙo hannu ya karɓi wayar.

Ya sauka daga benci ya tsuguna a ƙasa, ya cire hula, alhali Baffa na can ƙarshen ƙasa ba ya ganinsa. Ya gaishe shi, ya tambayi gida, ya tambayi ƙafa, ya tambayi awaki, har na fara tunanin kuɗin bis. Sai na ji ya ce:

"Baffa, a gafarce ni. Ba zan dawo ba sai an gama."

Sai muryar Baffa ta fito har mai shara ya juyo. "Ni kake faɗa wa haka?"

"Ku nake faɗa wa, Baffa. A gafarce ni."

Baffa ya kashe wayar. Yaya ya jima a tsugune. Da ya miƙe bai dube ni ba, ya ce in je in gaya wa likita a ba shi gado.

Ya zauna wurin ɗan garinmu mai rake, matarsa ta bi shi da tukwanenta, ni na koma aji. Ƙanin matarsa ya sare raken, ya sare shi kamar mai fushi da shi. Aka yi na uku, na huɗu, na biyar, na shida, kowanne a ranarsa. Bayan na huɗu wuyan ya koma sumul. Baffa ya yi wata biyar ba ya amsa sallamata, abin da ban ɗauka hasara ba. Da Yaya ya dawo, ramamme kamar sandar makiyayi, gari ya sake cika gidan, kuma mafi yawansu sun tafi a kan cewa ƙaho biyun nan ne suka karya lagon ciwon, da an yi huɗu ma da ba a kai ga zaman Yamai ba. Kasuwar wanzami ta buɗe. Na daina gardama da su, don na lura duk wanda na yi wa bayani sai ya tafi da tabbacin ni ne ban gane ba.

Yanzu duk wata uku muke hawa bis mu je a duba shi. Wancan zuwan likitar ta lalube wuya, ta lalube hammata da matsematsi, ta karanta takardar jini, ta rubuta wata ranar a karne. Yaya ya yi ƙarfin hali ya tambaye ta ko yanzu za a iya cewa ya warke. Ta cire tabarau ta goge, ta ce yau dai ba ta ji komai ba, ya dawo ranar da ta rubuta. Ya sa hularsa, ya ce min mu yi sauri mu kama tikitin gobe, ya bar sabon dashe a garka kuma bai yarda da mai ban ruwan ba.